Asalin Addini a Idon Marar Imani: Darasi Daga Ƙasar Kiru



Duk wanda ya taso a kudancin Kano, watau ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ya san kalmar "arne" tun yana yaro. Da ita akan kira Bamaguje, da ita kuma akan kira mutumin da ya ce bai yarda da kowane addini ba. Alhali kuwa mutanen nan biyu sun sha bamban. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan Kano ya buga littafinsa a 1946, ya nuna cewa Bamaguje ya san da Allah, sai dai yana ganin Ya yi masa nisa, don haka yakan kai kukansa ga iskoki irin su Kure da Uwargona. Shi kuwa marar imani, wanda malamai ke kira mulhidi, bai yarda da Allah ba, balle iska. Maƙasudina a yau shi ne in bayyana yadda wannan na biyun yake kallon asalin addini, da dalilin da ya sa ake ƙyamarsa, domin ko alƙali sai ya ji ta bakin kowa kafin ya yanke hukunci.

Hujjarsa ta farko ita ce tsoro da bukata, kamar yadda David Hume ya yi bayani a 1757. Ku dubi manomin da ya zuba irinsa a ƙasa ya koma yana kallon gabas. Ba shi da iko a kan hadari, ga fari irin na 1973 yana iya cinye masa gona da garke. A ganin marar imani, daga wannan fargaba ce yanka wa Uwargona kaza ya samo asali: mutum ya ɗauka akwai mai riƙe da ruwan, wanda za a iya lallashi.

Ta biyu ita ce mafarki. Edward Tylor ya kawo ta a 1871, inda ya ce mutanen farko sun riƙa ganin mamatansu cikin barci, sai suka ɗauka akwai kurwa mai fita daga jiki, daga nan kuma suka ba tsamiya da kuka da rafi nasu mazauna.

Ta uku ita ce zaman jama'a, wadda Emile Durkheim ya fi ba ƙarfi a 1912. A wurinsa, idan al'umma ta taru wajen bauta, haɗin kanta take ƙarfafawa. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda jama'a ke taruwa gare shi a gindin Dala saboda Tsumburbura. Har ila yau ya nuna cewa bayan Wangarawa sun kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, Kanawa sun naɗe Alƙur'ani cikin fatu suka kira shi Dirki, suna yi masa yanka, har zamanin Sarki Alwali. Marar imani yakan ce wannan shaida ce cewa tsohuwar bukata takan sake riga kawai.

Mai imani yana da amsa. Yakan ce sanin hanyar da mutane suka bi suka yi imani bai tabbatar da cewa abin da suka yi imani da shi ƙarya ne ba, kuma yaɗuwar addini a kowace al'umma alama ce ta fiɗira da aka halicci ɗan Adam a kanta. Wannan muhawara ta daɗe, ba kuwa yau za mu rufe ta ba.

To, daga ina ƙyama ta fito? Tushenta shi ne zancen amana. A ƙauyukanmu, idan gardama ta yi tsanani, Musulmi yakan rantse da Alƙur'ani, Kirista da Littafi Mai Tsarki, Bamaguje da aradu ko tsafin gidansu. Marar imani fa, da me zai rantse? Ko John Locke, wanda ya yi kiran a yi haƙuri da juna a kan addini a 1689, ya cire mulhidai daga wannan rangwame, bisa hujjar cewa rantsuwa ba ta kama su. Binciken Will Gervais da abokan aikinsa a Kanada a 2011 ya nuna cewa rashin yarda shi ne jigon wannan ƙyama.

Mun ga nauyin al'amarin a nan Kano. A 2014 dangin Mubarak Bala sun kai shi sashen masu taɓin hankali bayan ya ce ya bar addini. An kama shi a Kaduna a 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, waɗanda Musulmi da yawa suka ɗauka ɓatanci ne. A 2022 Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24, sa'an nan a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara 5, daga baya ya fito.

Ga ma'aikatan da ke cikinmu, doka ta riga ta yi magana. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sake addini. Kazalika Dokar Rantsuwa ta 1963 ta yarda wanda ba zai rantse ba ya ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, in ya yi ƙarya kuwa hukuncinsu ɗaya da mai rantsuwa. Saboda haka idan mutum ya zo teburinku neman aiki ko takardar fili, Bamaguje ne shi ko marar imani, ku auna shi da cika alkawari da biyan bashi da riƙon amanar maƙwabci. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma a kansa ya kamata ofis ya tsaya.