Darasi Biyu Bayan Magariba

Ranar Talata da Alhamis ba a ganin yayar mai masaukina a gida sai wajen sha ɗayan dare. Da na tambaya, aka ce makaranta take zuwa. Mace ce da ta haura arba'in, da 'ya'ya uku, kuma tun da asuba take fita aikin kula da wata tsohuwa a gidanta. Na san karatu a Amurka ba abin wasa ba ne wajen kuɗi, don haka tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce, wa yake biya? Ta ce idan ina son amsa in biyo ta ranar Alhamis.

Kwalejin tana cikin birnin New York, irin ta shekara biyu da gwamnati ke riƙe da ita, wadda ba ta korar mai shekaru. Mun isa ana gab da magariba, sanyi ya fara cizo. Mai gadi ya duba katina ya ba ni takardar baƙo. Abin da na fara lura da shi tufafin mutane ne. Masu kayan asibiti sun fi yawa, sai masu takalman gini da ƙurar siminti ba ta gama kakkaɓewa ba, sai wani dogo da rigar gadi a ƙarƙashin rigar sanyinsa. Kowa daga wurin aiki ya fito. A layin sayen shayi na ji Sifaniyanci da Faransanci da Fulatanci, sai ga Hausa ta faɗo mini a kunne daga bayana, Hausar Maraɗi ce tsantsa.

Kafin a shiga aji, Yaya ta kai ni ofishin da ake taimaka wa ɗalibai neman tallafi, ta bar ni da wata ma'aikaciya mai furfura wadda ta ce ta shekara fiye da ashirin a kan teburin nan. Ita ta warware mini lissafin. A nan ana auna karatu da abin da suke kira kiredit. Yawancin darussa kiredit uku ne, takardar shaidar shekara biyu kuma tana bukatar 60. Wanda ya ɗauki 12 ko fiye a zango shi ne cikakken ɗalibi. Wanda ya ɗauki ƙasa da haka ɗalibin wucin gadi ne a idon doka, ko da kuwa ya fi kowa ƙoƙari. Mazaunin birni yana biyan dala 210 kan kowane kiredit, wato darasi biyu dala 1,260 ke nan a zango, ban da littattafai da ƙananan kuɗaɗen rajista.

Tallafin kuma hawa biyu ne. Akwai na gwamnatin tarayya, Pell, wanda iyakarsa dala 7,395 a shekara, ana rage shi daidai da yawan darussan mutum. Akwai na jiha, TAP, wanda aka kafa a 1974, iyakarsa dala 5,665, kuma kuɗin makaranta kaɗai yake biya. Shekaru da yawa, in ji ta, TAP na cikakken ɗalibi ne. Mai son ya samu alhali darasi biyu yake ɗauka, sai ya fara yin zango biyu a jere da cikakken nauyi tukuna. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, wanda zai iya hakan ai da ma ba shi da bukatar sassauci. A lokacin akwai wani ɗan asusu daban na 'yan wucin gadi da bai wuce dala 2,000 a shekara ba, shi ma yakan ƙare kafin layi ya ƙare. A 2022 ne jihar, ƙarƙashin gwamna Kathy Hochul, ta ware dala miliyan 150 ta cire wancan sharaɗi na zango biyu, aka ce daga kiredit shida mutum na iya nema tun ranar farko.

Na rubuta alƙaluman, amma ban gane nauyinsu ba sai da muka zauna da Yaya a lokacin hutun rabin awa tsakanin darussanta. Ta yi sallah a wani lungu kusa da ɗakin karatu, ta buɗe robar waake da shinkafa da ta dafo tun daren jiya, ta tura mini cokali.

"Malam, wannan zuwana na biyu ne," ta ce. Hausarta ta zangon Kumasi ce, inda aka haife ta, tana tafe tana tsinto kalmar Turanci nan da can. "Na farko da ƙarfina na shigo. Aka ce mini idan ina son kuɗin jiha sai na ɗauki darasi huɗu. Na ce to, huɗu ne kawai? Ni da na yi tallan koko kafin in tafi makaranta tun ina 'yar shekara tara?"

Ta rage awannin aiki don ta samu zuwa aji da rana. Wata na farko lafiya. A wata na biyu kuɗin haya ya gaza. A na uku aka bugo waya daga Kumasi cewa mahaifiyarta ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye, ana neman kuɗin asibiti. Ta koma aiki dare da rana, ta daina zuwa aji. Abin da ba ta sani ba shi ne, ɗalibin da ya janye kafin zango ya yi nisa, ana mayar wa gwamnati wani kaso na tallafin da aka biya masa, makaranta kuma ta bi shi bashin gurbin. Takarda ta zo mata gida. Ba ta ci darasi ko ɗaya ba, ga bashi a wuya.

"Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba," ta ce. "Kunya ce. Na gaya wa kowa a masallaci zan zama nas. Matan zango suka fara kirana nas tun ban riƙe allura ba. Sai ga shi idan na hango su a bakin shagon da muke sayen kayan miya, in sauya hanya."

Da susu ta biya bashin, abin da mu muke ce wa adashi, su goma suna zubi duk mako. Da kwasarta ta zo ba ta taɓa ko dala ɗaya ba, ta kai wa makaranta. Daga nan ta rufe zancen karatu, ta ce wa kanta na yara ne. Shekaru suka shuɗe tana wanke tsofaffi, tana juya su a gado, tana lura da numfashinsu. Ta ce sau da yawa ita ke fara gane cewa jikin majiyyaci ya sauya, ta kira nas a waya, nas ta zo ta rubuta abin da ita ta riga ta gani, a biya nas ɗin ninkin abin da ake biyanta. Ba da hassada ta faɗa ba. Ta ce sun yi karatu ne, haƙƙinsu ne.

Labarin sabuwar dokar a WhatsApp ta gan shi, a zauren matan unguwa, ta ɗauka irin ƙaryar da ake yawo da ita ce. 'Yarta ta fari ce ta matsa mata, ta zaunar da ita gaban kwamfuta suka cike FAFSA, takardar da kowane tallafi ke farawa daga kanta, sannan ta jiha. Sai wani tudun ya ɓullo: takardar gama sakandarenta ta Ghana ta isa a ɗauke ta a kwalejin, amma kuɗin jiha na bukatar shaidar sakandare ta Amurka, ko mutum ya ci wata jarrabawa ta gwada cancanta. Ta yi mako uku tana bitar lissafi da littafin ɗanta na aji takwas, shi yana koya mata yana dariya. Ta ci.

Yanzu Pell da TAP sun rufe kuɗin darussanta biyu. Na ce to alhamdu lillahi, an huta ke nan. Ta dube ni kamar yadda babba ke duban yaron da bai san farashin hatsi ba.

"Malam, lissafa da ni. Awa ɗaya ta aikina dala 19 ce da 'yan kai. Talata da Alhamis ina tashi da wuri, awa huɗu-huɗu sun tafi. Asabar da nake ƙarin aiki na mayar da ita ranar bita. Wannan kuɗin babu ofishin da ke mayar mini da shi. Kuma idan na shiga ainihin karatun nas, horon asibiti da rana ake yi, yini guda. Ranar nan wa zai biya haya?"

Wannan tambayar ce ta bi ni har gida. A ganina dokar 2022 ta yi abu mai kyau ƙwarai, domin ta yarda cewa mai darasi biyu ɗalibi ne na gaske. Jihohi da dama sun gane hakan: Tennessee ta buɗe wa manya kwalejojinta na shekara biyu kyauta a 2018, Michigan a 2021, Massachusetts a 2023, New York ma a 2025 ta ƙara shirin da ke ɗauke wa 'yan shekara 25 zuwa 55 kuɗin makaranta da na littattafai idan suna karanta fannin da ake ƙarancin ma'aikata, irin jinya da koyarwa. Amma duk waɗannan kuɗin karatu suke biya. Babban mutum kuwa abin da karatu ya fi ci masa shi ne lokacin da yake sayarwa ya ci abinci. Da darasi biyu a zango, kiredit 60 shekara biyar ne, idan babu ciwo, babu rasuwa, babu sauyin wurin aiki. Shekara biyar ana tafiya a kan siraɗi.

Mai Hausar Maraɗin nan ya iso teburinmu yana gaishe ta da "Hajiya, ina wuni", ita kuma ta ce, "Ƙanena, zauna ka ci." Saurayi ne da bai kai talatin da biyar ba, yana kai saƙon abinci a kan keke mai batir. Shi ba digiri yake nema ba, gajeren horo yake yi na gyaran na'urorin sanyaya ɗaki da ɗumama shi, na 'yan watanni. A da irin wannan horon ba ya cikin tallafin jiha sam, sai daga baya aka shigar da wasu daga cikinsu, waɗanda kasuwa ke nema. Matsalarsa daban ce. A takarda shi gwauro ne marar iyali, kuma har zuwa 2024 irinsa ba ya samun TAP idan kuɗin shigarsa da ake yanke wa haraji ya wuce dala 10,000 a shekara. A shekarar aka ɗaga iyakar zuwa 30,000, sannan ya shiga.

"Marar iyali," ya maimaita yana murmushi. "Malam, mutum tara ke ci daga keken nan. Inna, da ƙannena, da 'ya'yan yayana da ya rasu. Amma suna Maraɗi, takarda ba ta ganin su."

Bai tsaya dogon zance ba. Ya ce yana so ya sauka daga keke kafin hunturu ya karya masa gwiwa, ya ci cokali uku ya tashi.

Na roƙi izini na zauna a bayan ajin Yaya na biyu, darasin sassan jikin ɗan Adam. Su ashirin da wani abu ne, ƙalilan ne ba su kai talatin ba. Malamar ta jawo ƙwarangwal na roba a kan taya, tana nuna ƙashi tana jiran suna. Mutumin da ke gabana ya yi gyangyaɗi sau biyu, na kusa da shi ya taɓa shi da gwiwar hannu ba tare da ya dube shi ba, alamar sun saba. Da aka zo ƙasusuwan wuyan hannu guda takwas ajin ya yi tsit. Yaya ta ɗaga hannu ta jero su ɗaya bayan ɗaya da Latin, ba gargada.

A jirgin ƙasa muna komawa na tambaye ta yaushe ta haddace su. Ta ce tsohuwar da take kula da ita malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekarunta sun haura tamanin. Da ta ji ana karatu sai ta ce a kawo mata katunan bita. Kullum bayan wanka da karin kumallo, tsohuwar na zaune a kujerarta da tabarau, tana ɗaga kati tana tambaya, idan aka kuskure ta buga sandarta a ƙasa. "Ta ce kada ta mutu sai ta ga na sa farar riga. Na ce mata, Mama, to sai ki daure mini shekara uku."

Ta zaro katunan daga jaka, an ɗaure su da robar gashi, gefensu ya yi laushi don shafa. Jarrabawa ranar Talata ce, kuma gobe ƙarfe biyar da rabi za ta fita. Ta miƙo mini su ta ce tunda na zauna banza in yi mata tambaya. Tasha goma sha ɗaya ce tsakaninmu da gida. Mun kai ƙasusuwan ƙafa lokacin da jirgin ya tsaya a tamu.