3.4 Tankin Jinya Domin Kifi Marar Lafiya

A wannan fasali za a yi bayani ne a kan tankin da ake keɓe kifi marar lafiya a cikinsa, tare da la'akari da yanayin Gafasa da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi. An fi sanin wannan dabara a wurin masu ajiye kifayen teku na ado a akwatunan gilashi a Turai da Amurka. To amma a wannan yanki babu ruwan teku. Kifin da ake kiwo tarwaɗa ne da karfasa, don haka a kansu bayanin zai fi karkata.

Tankin jinya wani ƙaramin mazubi ne da ake ajiyewa nesa da babban tanki. Bahon roba mai cin lita 100 zuwa 200 ya isa. Ba a zuba yashi ko duwatsu a cikinsa, saboda ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a jikinsu, wasu duwatsun kuma suna tsotse magani. Abin da kawai ake sakawa shi ne guntun bututun roba da kifin zai ɓuya a ciki, sai kuma murfin raga, domin tarwaɗa tana tsalle ta fice. Haka kuma dole a ware masa koma da bokitinsa daban. Komar da ta shiga tankin jinya sannan ta koma babban tanki da danshinta ta rushe duk aikin da aka yi.

Dalilin keɓewar ya fi fitowa fili idan aka dubi cutar farin ɗigo. A ruwan daɗi ƙwayar da ake kira Ichthyophthirius multifiliis ce ke kawo ta, a ruwan teku kuwa Cryptocaryon irritans ce. Rayuwarsu ta yi kama da juna. Ƙwayar tana shiga ƙarƙashin fatar kifi da cikin matatar numfashinsa ta yi ta ci, a nan ne ake ganin ɗigon kamar an barbaɗa gishiri. Idan ta ƙosa sai ta faɗo ƙasan tanki, ta yi wa kanta ƙwanso, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su kuma su fito suna iyo suna neman wani kifin. Magani ba ya isa gare ta tana cikin fata. Ya fi kama ta ne a lokacin da take yawo a cikin ruwa. Wannan shi ya sa ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce, kuma a nan ne masu kiwo da dama suke yin asara, domin sun mayar da kifin cikin 'yan'uwansa tun cutar ba ta gama zagayenta ba. Zagayen yakan ɗauki kamar mako guda idan ɗumin ruwa ya kai digiri 25, amma a watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, yakan ja fiye da haka. Ke nan jinyar hunturu ta fi ta bazara tsawo.

Dangane da magani kuwa, akwai wani abin lura. Mai kifin ruwan daɗi gishiri yake ƙarawa, wato giram 2 zuwa 3 a kowace lita, a bar kifin a ciki na kwanaki. Shi kuwa mai kifin teku rage gishirin yake yi. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a lita, sai a sauko da shi sannu a hankali zuwa wajen giram 12 ko 14, a bar shi haka har mako huɗu ko fiye. Hikimar ɗaya ce, wato a sauya ruwan zuwa yanayin da kifi zai jure amma ƙwayar ba za ta jure ba. Masu kifin teku suna kuma amfani da sinadarin tagulla, wanda ke kashe murjani da jatan lande, shi ya sa ba sa kuskura su zuba shi a babban akwati. Ita ma tarwaɗa, da yake ba ta da ɓawo a jiki, tana buƙatar taka-tsantsan wajen magunguna masu ƙarfi.

Bugu da ƙari, ƙaramin mazubi yana saurin gurɓata. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, wadda ke ƙona matatar numfashi, har ta kashe kifin da cutar ba ta kashe ba. Saboda haka ana rage abinci, ana zuƙe dattin ƙasa kullum, ana sauya wani kaso na ruwan, sannan a mayar da gishiri daidai da ruwan da aka ƙara. Ruwan rijiya ko na burtsatse a bar shi ya kwana kafin a zuba, don ya sha iska, ɗuminsa kuma ya zo daidai da na tankin. Karfasa ta fi buƙatar wannan kulawa, domin ba ta iya shaƙar iska daga saman ruwa kamar tarwaɗa.

Wannan tanki dai shi ne kuma masaukin sababbin 'ya'yan kifi. Duk waɗanda aka sayo daga Kano ko Wudil, a nan ya kamata su fara zama na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa su da na gida.