Minti 18 tsakanin halal da haram: yadda Yahudawa ke shirin Idin Ƙetarewa

A gidajen gasa gurasar matsa na Kfar Chabad da ke Isra'ila, agogo ne shugaban aiki. Da zarar ruwa ya taɓa garin alkama, minti 18 kacal ma'aikata ke da shi su kwaɓa, su murza, su huda, su jefa a tanda. In aka wuce haka, ƙullun ya zama hamets, wato wanda ya fara kumbura, kuma haramun ne a ci shi ko a ajiye shi a gida a kwanakin idin.

Idin Ƙetarewa, ko Pesah, na farawa ne ranar 15 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa. Kwana 7 ake yi a Isra'ila, galibin mazauna ƙetare kuwa kwana 8. Ana tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar ƙarƙashin Annabi Musa, cikin gaggawar da ba ta bar ƙullunsu ya kumbura ba.

Shirin ba na rana ɗaya ba ne. Littafin Talmud ya koyar da a fara karatun dokokin idin kwana 30 kafin ya zo. Masu tsantseni kan sa ido kan alkamar tun daga girbi, don kada danshi ya same ta. Iyalai kan share ɗakuna, aljihun tufafi da cikin mota. A daren 14 ga Nisan, maigida kan zagaya gida da kyandir yana neman ɓurɓushin burodi, washegari da safe a ƙone abin da aka samu.

Malamansu sun ce sharar ba ta tsaya a madafa ba. A Ibrananci, kalmar gurasar da kalmar umarnin Allah haruffansu ɗaya ne a rubuce, don haka suka ce aikin alheri ma kamar ƙullu yake, in aka bar shi ya jima sai ya lalace. Kumburin ƙullu kuma sukan kwatanta shi da girman kai.

A littafinsa Mesilat Yesharim da aka buga a Amsterdam a 1740, malami Moshe Hayim Luzzatto ya sa matakai biyu a farkon gyaran hali: lura, wato mutum ya riƙa binciken ayyukansa kamar yadda ɗan kasuwa ke duba lissafinsa, sai himma, wato ya tashi ga alheri ba tare da jan ƙafa ba.

Inda ake gwada wannan koyarwa shi ne wajen talaka. Tsohuwar al'ada ta ɗora wa jama'ar gari tara "kuɗin alkama" domin marasa hali su sayi matsa da sauran kayan idi. Dole taimakon ya isa hannunsu kafin daren farko, lokacin da kowane gida ke zaman cin abincin Seder.