Yadda manhaja ke haifar wata a cikin wayar salula

A kasuwar Illela da ke jihar Sakkwato, daura da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, biyan kuɗi ta wayar salula ya zama ruwan dare, musamman tun bayan ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023.

Sai dai wani abu kan ci wa masu ƙananan wayoyi tuwo a ƙwarya: mutum ya fita daga manhajar banki don karanta lambar sirrin da aka turo masa, ya dawo ya tarar manhajar ta koma farko.

Dalilin hakan dai na da nasaba da yadda na'ura ke tayar da sabon aiki daga cikin wanda ke gudana.

Uwa da 'ya

Duk manhajar da aka buɗe, na'ura kan ware mata lamba da kuma nata kason a ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM. Wannan shi ne aiki mai gudana.

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ƙirƙira a 1969 a cibiyar Bell Labs ta Amurka, sabon aiki ba ya faɗowa daga sama. Wani aikin ne ke haifar sa.

Aikin da ke gudana kan ba da umarnin da ake kira fork, sai ya rabu gida biyu masu kama da juna, uwa da 'ya. Uwar ta ci gaba da harkarta, ita kuwa 'yar ta yi amfani da umarnin exec ta rikiɗe zuwa manhajar da ake buƙata.

Idan 'yar ta kammala, takan bar wata lamba da ke shaida wa uwar ko an yi nasara ko an samu cikas.

Tsarin Windows kuwa umarni guda yake amfani da shi, wato CreateProcess, ba tare da kwaikwayon uwar ba.

A wayoyin Android

Tsarin Android, wanda akasarin wayoyin zamani a Najeriya da Nijar ke amfani da shi, an gina shi ne a kan Linux, wanda ya gaji wannan dabara daga Unix.

Da zarar an kunna waya, wani aiki mai suna Zygote kan tashi, ya ɗauko kayan da dukkan manhajoji ke buƙata, sannan ya zauna jira. Duk lokacin da aka taɓa wata manhajar da ba ta riga ta tashi ba, shi ne ke rabuwa ya haife ta. Wannan ne ke rage lokacin buɗewa.

Kowace manhaja tana zaune ne a keɓe, tamkar rumfunan kasuwa da kowa ke da makullinsa. Shi ya sa idan ɗaya ta lalace ba ta cika shafar sauran ba, kuma ba a barin manhajar wasa ta leƙa ma'adanar manhajar banki.

Idan wuri ya ƙure

To amma ma'adanar na da iyaka. Idan ta cika, tsarin kan kashe ayyukan da ba sa kan fuskar wayar don ya samar wa wanda ake kallo wuri.

Abin da ke samun manhajar banki ke nan a waya mai ƙaramar ma'adana, inda dole sai an sake haihuwarta idan aka koma kanta. Wasu manhajojin bankuna kuma da gangan suke rufe kansu saboda tsaro.

Abin lura a nan shi ne, mutuwar manhaja a waya ba ta soke umarnin da ya riga ya isa kwamfutar banki. Mai sayen shanu ko albasa da ya yi gaggawar sake tura kuɗi na iya biya sau biyu.

Don haka abin da ya fi shi ne a duba tarihin ciniki da ragowar kuɗin asusu kafin a maimaita, a kuma cire manhajojin da ba a amfani da su daga wayar da ake kasuwanci da ita.