Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku: Turancin da Ke Kan Hanyarmu ta Makaranta

A wannan fitowar, mu 'yan ƙungiyar jarida mun ɗauko wani abu da ke kayar da da yawa daga cikinmu a jarrabawar Turanci, wato mu haddace wa kalma ma'ana ɗaya, mu ɗauka shi ke nan mun santa. A WAEC da NECO akwai tambayar da ake ciro kalma daga labarin da aka ba mu, a ce mu kawo wata da za ta zauna a gurbinta daidai da yadda aka yi amfani da ita a wurin. Wanda ya san ma'ana ɗaya tak, a nan yake zubar da maki. Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga su nan a unguwarmu.

Mu fara da Court Road da ke nan Gyaɗi-Gyaɗi. Kowa ya san "court" kotu ce, inda alƙali ke shari'a. To amma filin da ake ƙwallon kwando ko tanis shi ma "court" ne. Haka kuma idan labari ya ce "the king's court", fadar sarki da fadawansa ake nufi. Wanda ya rubuta cewa an kai sarki ƙara, ya ɓata rawarsa da tsalle.

Daga nan mu fito Titin Zariya, mu leƙa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can "ward" na nufin ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya. Idan lokacin zaɓe ya zo, "ward" ta koma mazaɓa. Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da guda 10, ciki har da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu. Ga ta uku: a wasiƙar da makaranta ke aikawa gida, "your ward" na nufin yaron da ke hannunka, wanda kake riƙo.

Tun da muna asibiti, mu duba "patient". Idan aka ce "She is a patient", majinyaciya ce. Idan aka ce "She is patient", mai haƙuri ce. Ɗan harafin nan "a" shi kaɗai ya raba su.

Sai kasuwar waya ta Farm Centre, gidan kalmar "charge". "Charge the phone" shi ne sa waya a caji. Amma idan ka tambayi mai gyara "How much do you charge?", kuɗin aikinsa kake tambaya. A kotu kuwa "charge" tuhuma ce. Wanda aka ce shi ne "in charge", shi ke da alhakin kula da wuri.

Kada wannan ya ba mu tsoro, domin Hausa ma haka take. Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, wani ya ci amana. Babu Bahaushen da ke ruɗewa, saboda kalmar da ke biye da "ci" ita ke faɗa mana wane ci ake nufi. Turanci ma maƙwabtan kalma ne ke bayyana ma'anarta.

Akwai tarko na biyu, shi ne inda Hausa ke da kalma ɗaya, Turanci kuma ya raba ta. Mukan ce "ara mini biro", mu kuma ce "na ari biro". Shi ya sa a aji ake yawan jin "Borrow me your biro". A Turanci mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa kuma "borrow". Don haka sai mu ce "Lend me your pen", ko "May I borrow your pen?"

Haka "ji" take. Da Hausa muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi. Turanci ya ba kunne "hear", hanci "smell", jiki kuma "feel". Idan hayaƙi ya tashi, "I can smell smoke" za mu ce. Magani kuma, ko da yake shan sa muke yi, a Turanci "take medicine" ake cewa. Sai kuma "ina zuwa" da muke faɗa alhali fita za mu yi. Idan muka mayar da ita "I am coming", baƙo zai tsaya yana kallonmu muna yin gaba. Abin da muke nufi shi ne "I will be right back".

Wani zai ce, ai haka kowa ke faɗa a Nijeriya. Gaskiya ne, kuma Turancinmu ba abin kunya ba ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, daga ciki akwai "Kannywood" ta nan Kano, da "okada", da "next tomorrow". Sai dai kowane zance da muhallinsa. A takardar jarrabawa, jibi "the day after tomorrow" ce. Cunkoson motocin da muke kira gosulo kuma "traffic jam" ne, domin a Ingila "go-slow" na nufin ma'aikata su rage saurin aiki da gangan don nuna ƙorafi.

To mene ne abin yi? Na farko, mu karanta jimla har ƙarshe kafin mu yanke ma'anar kalma. Na biyu, idan mun buɗe ƙamus kada mu tsaya a ma'ana ta 1, mu duba ta 2 da ta 3 da misalan da ke ƙarƙashinsu. Na uku, mu tanadi ɗan littafi, duk sabuwar kalma mu rubuta ta tare da jimlar da muka tsince ta a ciki. Na huɗu, a jarrabawa mu sa amsarmu a gurbin kalmar, mu sake karanta jimlar. Idan ba ta zauna ba, mu nemi wata.

Ga aikin gida. Duk mun san sai da kiredit a Turanci ake samun gurbi a jami'a. Ita kanta kalmar "credit" tana da wasu ma'anoni, a waya, a banki, da kuma wajen mai shagon unguwa. Ku rubuto mana guda uku, kowacce da jimlarta, ku miƙa wa wakilin ƙungiya na ajinku. Amsar da ta fi kyau za mu liƙa ta a nan a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.