Tirelar da ke ajiye ma tsufa take yi: yadda za ka duba taya, boris da birki kafin ka hau titi

A watan Maris da ya wuce, kawuna ya loda buhunan albasa a ƙaramar tirelar da yake ɗaura wa a-kori-kurarsa, ya taso daga Shagari zai kai su kasuwa a Sakkwato. Bai kai Bodinga ba tayar hagu ta fashe. Allah Ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma rabin albasar ta watse a kwalta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tayar ba ta suɗe ba, zanenta na nan kamar sabuwa. Da na duba lambar da ke gefenta, sai na ga shekara tara ke nan da ƙera ta.

Matsalar irin wannan tirela ke nan. Ana aiki da ita lokacin kaka da lokacin kwasar kayan fadama, sauran watanni tana ajiye a rana. Haka ma masu tirelar da ake kwana a ciki a Amurka da Turai suke fama, domin su ma sau ƴan kaɗan suke fita da ita a shekara. Mota tafiya ce ke cinye mata taya, tirela kuwa zama ne ke kashe tata.

Karanta ranar haihuwar taya

Robar taya tana bushewa ko ana tafiya ko ba a yi. Rana da zafi suna ƙara saurin bushewar, ga shi a ƙasar Sakkwato zafi kan wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Idan robar ta bushe, sai ta fara rabuwa da wayoyin da ke cikinta, kuma ba lallai ka gani daga waje ba.

Duba gefen tayar, za ka ga haruffan DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 3219, an ƙera ta a mako na 32 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, kada ma ka tsaya ciniki. Wani lokaci lambar tana gefen da ke fuskantar ciki, sai ka leƙa da fitilar waya.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara huɗu da ƙera ta. Kamfanin Michelin kuwa yana cewa a riƙa kai taya wurin masani duk shekara da zarar ta yi shekara biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da tana da kyan gani. Ga tirelar da ke wuni a ranar Shagari kuma take ɗaukar kaya masu nauyi, ni dai lissafin FRSC nake bi. Wannan lamba ita ce kuma za ta tsare ka daga tayar gwanjo da aka wanke aka shafa mata baƙin mai.

Ko shekarun ba su cika ba, cire taya idan ka ga tsattsagewa a gefenta, ko kumburi, ko zanen ya yi ƙasa da milimita 1.6. Kada ka manta da safaya, ita ma tsufa take yi.

Nauyi da iska

Bayan lambar girman taya akwai wata lamba da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Lamba 100 tana nufin kilo 800, lamba 104 kuwa kilo 900. Tirela mai ƙafa biyu da taya 104 za ta ɗauki kilo 1,800, har da nauyin jikinta. Idan ita kanta kilo 500 ce, buhu 13 masu kilo 100 ne iyakarta, ba 20 ba.

Sannan akwai wata al'ada ta rage iska saboda zafi, wai kada taya ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗau zafi daga ciki har ta tarwatse. Auna iska da safe kafin tafiya, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Idan za a daɗe ba a yi aiki da tirela ba, a ajiye ta a inuwa, a ɗaga ta a kan katako, a rufe tayoyin da buhu.

Boris

Boris shi ne ke sa ƙafa ta juya a kan ƙarfen da ke riƙe da ita, kuma rayuwarsa giris ce. Maƙiyansa biyu duk muna da su: ƙurar hunturu, da ruwan fadama da damina. Ruwa na shiga, tirela ta zauna wata huɗu, tsatsa ta kama. Ranar da aka hau titi sai boris ya yi zafi ya maƙale, wani lokaci ƙafar ta fice gaba ɗaya.

Gwajin ba wuya. Ɗaga ƙafar da jak, ka tokare tirelar da katako mai ƙarfi. Juya ƙafar da hannu: idan ka ji gurnani ko kamar yashi a ciki, boris ya lalace. Kama tayar sama da ƙasa ka girgiza: idan tana kaɗawa sosai, notin ya saki ko boris ya cinye. Kamfanin Dexter na Amurka, mai ƙera ƙafafun tirela, yana ba da shawarar a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, kusan kilomita 19,000. A nan, kafin kaka shi ne lokacin da ya dace.

Idan bakanike zai yi maka, tsaya ka gani. Ya wanke tsohon giris tas, ya cusa sabo har cikin ƙwayoyin, ya sa sabuwar robar da ke tare ƙura. Kada ya haɗa giris iri biyu. Kada kuma ya ɗaure notin tamau. Ana ɗaurewa ne a ɗan sassauta, sannan a kulle da sabuwar ƙusa.

Birki

Yawancin ƙananan tirelolin da masu walda ke haɗawa ba su da birki, motar da ke gaba ce ke tsayar da komai. A Turai doka ta wajabta birki ga tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta. Idan taka ba ta da shi, rage kaya, rage gudu, ka bar tazara mai yawa.

Idan tana da shi, buɗe ka duba ko abin da ke matse ƙafar ya cinye, ko giris ya zubo masa. Wanda giris ya jiƙa ba ya wankuwa, sai canji. Idan mai aiki da man birki ne, a canza man duk shekara biyu, domin yana shan danshi. Kada a ajiye tirela watanni da birkin hannu a ɗaure, yakan manne. A sa dutse ko katako a ƙafa.

Inda waya za ta taimaka

Ɗauki hoton lambar DOT ta kowace taya, ka sa tunatarwa a Google Calendar ta ranar da za ta cika shekara huɗu, da wata ta giris duk watan Satumba. Idan kana da hali, sayi ƴar na'urar auna zafi daga nesa. Bayan tafiyar kilomita 20 ka tsaya ka haska tsakiyar kowace ƙafa. Idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, kada ka ci gaba. Idan babu na'ura, kusanto da bayan hannunka a hankali. A nan ne kuma za ka sake ɗaure notocin ƙafa idan ba a daɗe da kwance su ba.

Duk wannan dubawar ba za ta ci maka awa ɗaya ba. Kawuna kuwa wuni guda ya yi a bakin titi yana tsintar albasa, kuma kuɗin da ya rasa ya fi na sababbin tayoyi biyu.