Ma'aunin Kuskure a Lissafin Abubuwan da Ake Ƙidayawa

Wasu abubuwa ana auna su, kamar tsawo da nauyi, wasu kuwa ƙidaya su ake yi, kamar yawan yaran da suka kamu da kyanda a wani gari ko yawan haɗurran mota a kan wata hanya. Ƙidaya ba ta da rabi, ba ta kuma sauka ƙasa da sifiri. Saboda haka masana ƙididdiga suke amfani da wani tsari na musamman idan suna son gano dangantakarta da wani dalili, kamar cunkoso ko rashin rigakafi.

Tsarin da ya fi shahara yana ɗauke da sunan Poisson, masanin lissafi ɗan Faransa da ya bayyana shi a 1837. A 1898 Bortkiewicz ya gwada shi a kan yawan sojojin daular Furusiya ta Jamus da dawaki suka harba suka mutu cikin shekaru 20, lissafin ya zo daidai ƙwarai. A 1972 Nelder da Wedderburn suka shigar da shi cikin babban tsarin binciken dangantaka da ake amfani da shi har yau.

Duk adadin da bincike ya fitar ƙiyasi ne, domin da an sake binciken da ba za a sami adadi ɗaya ba. Ma'aunin kuskure shi ke nuna girman wannan tangal-tangal. A tsarin Poisson ana ɗauka cewa warwatsuwar ƙidaya daidai take da matsakaicinta. Don haka idan an ƙidaya marasa lafiya 100, ma'aunin kuskuren 10 ne, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 100.

To, a nan gizo ke saƙa. Wannan zato yana tsayawa ne idan kowane lamari ya auku shi kaɗai, kamar harbin doki. Cuta mai yaɗuwa kuwa takan shiga gida ɗaya ta kama yara biyar, ta tsallake gidaje goma. A irin wannan hali warwatsuwa takan zarce matsakaici nesa ba kusa ba, sai kwamfuta ta fitar da ma'aunin kuskure ƙarami fiye da na gaskiya.

Ga misali. A ce an ƙiyasta tasirin cunkoso 0.30, ma'aunin kuskure kuma 0.10. Idan an raba na farko da na biyu za a sami 3, wanda ya wuce iyakar 1.96 da aka saba ɗauka a matsayin shaida. Amma idan warwatsuwar ta ninka matsakaici sau 4, tilas a ninka ma'aunin sau 2 ya koma 0.20. Sakamakon sai ya zama 1.5, shaidar ta rushe. Hukumar da ta dogara da lissafin farko tana iya kashe kuɗin jama'a a kan abin da bai tabbata ba.

Akwai hanyoyin gyara. Wedderburn a 1974 ya nuna yadda za a auna yawan warwatsuwar daga bayanan kansu, sannan a gyara ma'aunin da ita, kamar yadda aka yi a misalin nan. Hanya ta biyu ta samo asali daga aikin Greenwood da Yule na 1920 a kan haɗurran mata ma'aikatan masana'antar makamai a Ingila, inda aka yarda cewa wasu mutane sun fi wasu saurin gamuwa da haɗari. Ta uku, wadda Huber da White suka share wa fage, tana lissafa ma'aunin daga tazarar da ke tsakanin abin da aka gani da abin da aka yi hasashe, amma tana bukatar bayanai masu yawa.

Ya kamata ɗalibi, kafin ya amince da sakamakon kwamfuta, ya fara kwatanta warwatsuwa da matsakaici. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.